Tambaya ga kafintoci: wace rular ƙarfe ce ke jure aiki?

Ɗan Rikkos:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah kafintoci da masu walda da duk wanda ya san kan kayan aiki, shawara nake nema. Ni ba kafinta ba ne, aikin ofis nake, amma ƙananan gyare-gyaren gidanmu duk a kaina suke, kanta a kicin, ƙofar banɗaki da ke kumbura duk damina, sandar labule, ragar sauro a tagogi, irin aikin nan da in ka kira mai gyara sai ya ce maka gobe, goben kuma ba ta zuwa saboda aikin ya yi masa kaɗan. Ina da zarto da guduma da tef mai mita 5, sai wata rular ƙarfe mai santimita 30 da na saya wajen masu baza kaya a Taminus nan Jos, to ko damina ɗaya ba ta cinye ba lambobin suka goge, daga 1 zuwa wajen 12 sai dai ka yi ta ƙiyasi, ga tsatsa ta fara cin bakinta alhali an rubuta sitenles a jiki.

Abin da ya fi damuna ma shi ne in na auna katako da tef na zo na sake aunawa da rular ba sa zuwa ɗaya, akwai kamar milimita ɗaya a tsakani, to wanne zan yarda da shi? Yanzu ina so in haɗa wa yara teburin karatu da ƙaramar kantar littattafai, kuma ina son rular da zan saya sau ɗaya in huta. Wane tsawo ya kamata in nema, kuma ya ake gane mai kyau tun a shago? Wani mai shago a kasuwar Bildin Matiriyal ya ce min in sa mayen ƙarfe, wai in ya kama to jabu ce ba sitenles ba. Gaskiya ne? Na gode.

Tsohon Kafinta na Katako:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta yi kyau, yaran da ke koyon aiki a wajena ma da yawa sai sun lalata allon mutane kafin su yi ta.

Abu na farko ka manta da sunan da aka buga a jiki tukuna, ka sa farcenka a kan layukan ka ja. In ka ji farcen yana ɗan tuntuɓe yana ƙarar kar-kar, to layukan an tona su ne a cikin ƙarfen sannan aka cika da baƙi, wannan ko baƙin ya tafi ramin yana nan, ka goga masa fensir ko maka ka share sama sai ya dawo. In kuwa ka ji sumul kamar gilashi to fenti ne kawai aka ɗora a kai, gumi da ƙurar katako da gogayya da kusoshi a cikin jaka za su wanke shi tas. Irinta ka saya, shi ya sa farkon ya fara gogewa, nan ne inda babban yatsa yake zama kullum.

Na biyu ka duba bakinta, inda sifili yake. Rular 'yan makaranta tana barin ɗan fili kafin a fara ƙirga, ta aiki kuwa daga bakin ƙarfen ake farawa, don ka iya dafa ta a kusurwa ko ka zura ta cikin rami ka ga zurfinsa. Saboda haka bakin nan shi ne ran rular. In an yanke shi a karkace, ko kusurwoyin sun yi zagaye, ko milimitar farko ta fi sauran gajarta, ajiye ta ka ɗauki wata ko da kuwa kwali ɗaya suka fito. Kuma in ka saya dan Allah kar ka buɗe gwangwanin fenti da ita, kar ka kankare siminti ko gam da ita, kar ka juya sukuru da ita. Wlh mafi yawan rulolin da na ga sun mutu a shago ba tsufa ne ya kashe su ba, buɗe gwangwani ne.

Na uku miƙewa. Ka tafi da fensir mai tsini da farar takarda. Ɗora rular ka ja layi daga farko zuwa ƙarshe, sai ka kifa ta ta ɗaya gefen layin, bakin da ka ja da shi ya sake fuskantar layin, ka daidaita farko da ƙarshe ka sake ja. In layi biyun sun hau juna ta miƙe. In sun buɗe ciki a tsakiya to akwai lanƙwasa, kuma abin da ka gani ninki biyu ne na karkatar, shi ya sa ido ke saurin kama shi. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ka wannan ba.

Batun tsawo, ni a ganina mai aikin gida biyu yake buƙata. Ƙarama mai santimita 15 ko 30 wadda za ta zauna a aljihu, don kaurin katako da wurin hinjis da zurfin rami, sai mai santimita 60. Mai mita ɗaya tana da daɗin jan layi a kan filawud amma ajiyarta ke da wuya, in ba ka da ƙusar da za ka rataye ta sai ka tarar yaro ya taka ta ko an ɗora mata buhu, kuma doguwar rula in ta lanƙwashe ba ta komawa daidai. In kuɗin ɗaya ne a hannunka ɗauki mai 60, teburin yara da kantar littattafai za ta yi maka su.

Sai ƙyalli. Kar ƙyalli ya ruɗe ka, wadda ke walƙiya kamar madubi in ka fito da ita rana a tsakar gida ba za ka ga layi ko ɗaya ba, hawaye kawai za ka yi. Nemi mai dusasshiyar fuska, fari-fari haka marar sheƙi, baƙin lamba ya fi fitowa a kanta, balle mu da ido ya fara gajiya.

Mai Walda Dilimi:

Baba Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Ni batun mayen ƙarfen zan taɓa don kullum da ƙarfe muke kwana muke tashi.

Malam Ɗan Rikkos mai shagon nan rabin gaskiya ya faɗa maka. Sitenles ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira 304, shi ake yin sink na kicin da tukwane da wasu reloli na bene da shi, yana da nikel a ciki, yawanci maye ba ya kama shi ko ya kama kaɗan-kaɗan, kuma ya fi jure tsatsa. Akwai kuma dangin 400, kamar 420 da 430, waɗannan maye yana kama su cak kuma sitenles ne na gaske. 420 ɗin ma shi ake iya gasawa ya yi tauri, shi ya sa ake yin wuƙaƙe da almakashi da shi, kuma rulolin kirki da yawa daga irin wannan dangin suke saboda ana son baki mai tauri da ba zai ci ba. Kaga kenan in ka bi maganar maye za ka iya ajiye mai kyau ka ɗauko mai laushi. Je kicin ka gwada wuƙar Hajiya da maye ka gani, za ta kama.

Gwajin da ni nake yi shi ne in ɗan tanƙwara ta a hankali in saki. Mai kyau tana dawowa ta miƙe tsaf kamar ba a taɓa ta ba, ta banza kuwa sai ta zauna a yadda ka lanƙwasa ta. A hankali fa na ce, kar ka je ka karya wa mutane kaya a ce ni na aike ka.

Tsatsa kuma ka sani sitenles ma yana yi in an wulaƙanta shi, musamman dangin 400 ɗin, sunan dai yana nufin yana jurewa ne ba wai ba ya yi sam ba. Garinmu ka san yadda yake, daga wajen Afrilu har Oktoba ruwa ne da laima, shago in ba siminti a ƙasa komai sai ya yi ja. Ka riƙa share ta da busasshen tsumma bayan aiki, lokaci-lokaci ka ɗiga mata man keken ɗinki ka goge, ba baƙin mai ba, baƙin mai zai ɓata maka katako fenti ya ƙi kamawa. In tsatsar ta fara kar ka sa sanfefa mai kaushi, za ka cinye layukan, soson ƙarfe mai laushi da ɗan mai ya isa.

Akwai ta alminiyam ma a kasuwa, ba ta tsatsa kuma ba nauyi, amma in za ka riƙa bin gefenta da reza ko wuƙar yanka kafet to rezar tana feƙe bakinta kaɗan-kaɗan har ya zama ba miƙaƙƙe ba. Ga kauri, lambar tana can sama nesa da katakon, in ka karkata kai kaɗan sai alamar ta goce. Ta ƙarfe siririya ce, wajen milimita ɗaya, layin yana kusa da katako.

Yaron Oga Farin Gada:

Ni fa gaskiya da girmamawa ga Baba, inaga duk wannan dogon lissafi ne ga mai gyaran gida. Mu a sait tef kawai muke riƙewa daga safe har yamma, rufi, silin, firem na ƙofa, duk da tef, kuma ba wanda ya taɓa dawo mana da aiki. Ka sayi tef mai kyau mai faɗin milimita 25 wanda zai tsaya ba ya karyewa in ka miƙa shi, shikenan. Kuma wannan ƙugiyar bakin tef ɗin taka inaga ita ce ta saki shi ya sa kake ganin bambanci, ka ɗora ta a kan ƙarfe ka ɗan bubbuga ƙusoshin da guduma ta daina motsi.

Malamin Fasaha Bukuru:

A'a ƙanina, wannan ta ƙarshen kar ya yi ta dan Allah. Motsin ƙugiyar nan da gangan aka yi shi. Ƙugiyar tana da kauri wajen milimita ɗaya, in ka maƙala ta a bakin katako ka ja sai ta fito waje da daidai kaurinta, in kuma ka dafa ta a bango ka tura sai ta shige ciki da daidai kaurinta, ta haka sifili yake zama a wurinsa ko awon ciki kake ko na waje. In ka buge ta ta daskare to ɗaya daga cikin awon biyu ya lalace har abada. Abin da ke ɓata ta shi ne sakin tef ya koma da gudu ya daki gidansa, a hankali ramukan ƙusoshin suna faɗaɗa motsin ya wuce kima, ko ƙugiyar ta lanƙwashe in tef ya faɗi ƙasa. Mai tambaya ya duba wannan, wataƙila nan milimitarsa ta tafi.

Yadda zai raba gardama tsakanin tef da rula mai sauƙi ne. Ya bar bakinsu duka biyun, ya haɗa layin santimita 10 na tef da layin 10 na rula, ya duba ko 20 da 30 sun haɗu. In sun haɗu to jikinsu lafiya, matsalar a baki take, sai ya gano bakin wa. In kuwa suna ta rabuwa yayin da ake tafiya to ɗaya an buga layukansa ba daidai ba tun daga kamfani. Kuma akwai alƙalai a aljihun kowa: katin ATM tsawonsa milimita 85.6 ne, faɗinsa kusan 54, takardar A4 kuma 210 da 297 ce. Ba awon ɗakin gwaji ba ne amma rular da ta ce maka katin ATM milimita 87 ne ka san ƙarya take.

Shi kansa tef yana da aji. A kan masu bin ƙa'idar Turai za ka ga I ko II a rubuce kusa da farko, tare da 20°C, wato a wannan yanayin zafin aka daidaita shi. Aji na II, wanda shi ne aka fi samu, an yarda masa kuskuren da ya kai milimita 1.3 sama ko ƙasa a mita 5, aji na I kuwa 0.6. Kaga ko tef na asali ma ba a yi alkawarin zai zo daidai da rula ɗari bisa ɗari ba. A rufin kwano ko firem ɗin ƙofa wannan ba komai ba ne, a nan Yaron Oga yana da gaskiya. Amma kantar littattafai da allo zai shiga cikin rami, ko durowa da za ta riƙa shiga tana fita, milimita ɗaya nan ɗaya can su ne za su sa ta cije ko ta riƙa rawa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai abin da ka fara awo da shi da shi za ka gama, kar ka auna ramin da tef ka auna allon da rula.

Wasu suna tambaya ko sanyin Jos yana sa ƙarfe ya tsuke awo ya canza. Yana yi amma ba abin damuwa ba ne. Mita ɗaya ta ƙarfe tana ƙaruwa da wajen milimita 0.011 a kowane digiri ɗaya, wato ko da ka fara aiki da asubar Disamba ana digiri 10 ka kai rana ana 30, abin bai wuce kwatan milimita ba. Alminiyam ninki biyun haka yake yi. Katakon kansa shi ne ke motsi sosai, yana sha laima da damina ya kumbura ta faɗinsa, hunturu ya zo ya tsotse shi, ƙofar banɗakinka kenan. In ka sayi ɗanyen malaina a kasuwar Katako ka yanka shi ranar, to ko da rular Shinwa ta Japan ko Starrett ta Amurka ka auna, bayan wata biyu awon ya canza. Ka jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna.

Abu na ƙarshe inci da milimita. Nemi rula mai duka biyun, don a kasuwa da inci da ƙafa ake magana, tu-bai-tu, tu-bai-fo (katako mai inci 2 da 4), allo fo-bai-eit, amma allunan da ake shigowa da su da milimita aka yi su. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, allon ƙafa 4 da 8 shi ne 1220 da 2440. Allon da ake ce maka tiri-kwata sau da yawa milimita 18 ne, alhali kashi uku cikin huɗu na inci ya ɗan haura 19, in ka yi rami da lissafin inci sai allon ya yi ta yawo a ciki. Tu-bai-fo ɗin ma ka auna shi da kanka, ba kasafai yake cika ba, balle in an goge shi a inji. Ka saya da inci, ka yi aiki da milimita, ya fi sauƙin lissafi fiye da su ɗaya bisa sha shida.

Uwargida Anguwan Rogo:

Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru sosai. Ni ɗinkin labule nake kuma ni nake zuwa awon tagogi da kaina. Abu biyu zan ƙara wa ɗan uwa. Kar ka ari tef ɗin tela na matar gida ka auna katako ko taga, na roba ne yana miƙewa in ya tsufa, mu kanmu muna canza shi. Sannan tunda ka ce akwai yara, gefen sabuwar rular ƙarfe yana da kaifi wani lokaci, ka shafa da yatsa a hankali tun a shago, kuma ka rataye ta sama inda hannunsu bai kai ba, don in suka gan ta takobi za ta zama. Haka kuma in kana awo kusa da soket ko inda waya ta fito a bango ka kashe wuta daga mita, ƙarfe ne a hannunka, wutar nan kuma ba ta sallama in za a kawo ta.

Yaron Oga Farin Gada:

To Malam na ji batun ƙugiya, Allah ya saka. Amma dai har yanzu ina kan cewa ya fara gyara tef ɗinsa ko ya sayi sabo kafin rula, don allon filawud ƙafa 8 ba rular 60 da za ta auna shi sai an yi ta ɗagawa ana sakewa, kuma kowace ɗagawa kuskure ne.

Ɗan Rikkos:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba, Oga mai walda, Malam, Hajiya, har da ɗan uwana na Farin Gada. Na yi gwajin da Malam ya ce yanzun nan, na haɗa 20 da 20 tunda 10 ɗin rular ta goge, 30 ta haɗu daidai, da na duba ƙugiyar tef ɗin kuwa sai na ga ta ɗan lanƙwashe ciki. Ranar Asabar in sha Allah zan shiga kasuwa da fensir da takarda da katin ATM. Saura tambaya ɗaya Baba, na ga wata rula mai wani kan ƙarfe da ke zamewa a jikinta ana ɗaure shi da sukuru, har da ɗan ruwan lebur a ciki, ita ce sukwaya, wato ma'aunin kusurwa? Ko in haɗa da ita?

Tsohon Kafinta na Katako:

Eh sukwaya ce mai zamiya, tana ba ka kusurwar 90 da ta 45, kuma in ka ɗaure kan a awo ɗaya za ka yi ta maimaita shi a kan ƙafafun tebur huɗu ba tare da ka sake karanta lamba ba, wannan shi ne babban amfaninta. Amma masu arha kan nasu yana rawa ko an ɗaure, irin wannan gara sukwaya ta gargajiya marar motsi. Gwada ta kamar yadda na ce a rula: dafa ta a miƙaƙƙen gefen allo ka ja layi, juya ta ɗaya hannun ka sake ja a wuri ɗaya, in layukan sun buɗe baki bar musu kayansu. Ruwan lebur ɗin cikinta gajere ne, kar ka dogara da shi wajen kafa kanta a bango.

In ka haɗa teburin kafin gam ya bushe ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren, in awon biyu sun zo ɗaya to ya zauna. Kuma ka tuna zarto yana cin nasa, na inji wajen milimita 3, don haka ka yanka ta gefen da za a yar, layin fensir ya rage a jikin wanda kake so. Ƙugiyar tef ɗin kuma ka kama ta da filaya ka miƙar a hankali, sannan ka sake gwada ta da sabuwar rular in ka sayo.